Gareji a jikin gida ko a ware: kurakuran da masu gini suka fi yi a Legas

Ɗan kasuwarmu na Mile 12 ko Agege, idan Allah ya hore masa ya sayi fili a Ikorodu, ko Ayobo, ko can wajen Sangotedo, yakan zauna da mai zanen gida su yi ta kai-kawo a kan falo da ɗakunan iyali da sashen baƙi. Da an zo maganar inda mota za ta kwana sai ya ce a manna gareji a gefe kawai, ko ya ciro waya ya nuna wani gida da ya gani a Facebook, mai ƙatuwar ƙofar gareji a gaba, ya ce irin wannan yake so.

Gidan da ke cikin hoton nan galibi na Amurka ne, kuma su da dalilinsu. Farkon zuwan mota su ma nesa da gida suke ajiye ta, a tsohon bargar dawaki ko a wani ɗan gini a bayan gida, saboda tsoron gobarar fetur. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, da unguwannin bayan gari suka bazu, garejin da ke manne da gida ya zama ruwan dare, domin mutum ya fito daga kicin ya shiga mota ba tare da ya taka ƙanƙara ba. Mu a Legas ba ƙanƙara ce damuwarmu ba. Ruwan sama ne, da laima, da hayaƙin janareto, da tsadar ƙasa. Da waɗannan huɗun ya kamata a auna zaɓin, kuma yawancin kurakuran daga ƙin auna su suke fitowa.

Hayaƙi

Wannan ne kuskuren da ke cin rai, don haka da shi za a fara. Garejin da ke jikin gida bango ɗaya ne tsakaninsa da iyali, sau da yawa har da ƙofa. Ga shi kuma mun saba da tayar da mota da sassafe a bar ta tana ɗumi ana shirya yara. Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareto a cikin gida. Buɗe babbar ƙofar garejin ba ya wadatarwa. Iskar tana bin ƙarƙashin ƙofar cikin gida, da ramukan wayar lantarki, da saman silin idan bangon bai kai rufi ba. Idan an rufe tagogi saboda na'urar sanyaya ɗaki, ga kuma fankar da ke fitar da hayaƙin girki tana aiki, gidan da kansa zai riƙa zuƙo iskar garejin. Ƙari a kan haka, motocin tokumbo da yawa an cire musu abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, hayaƙinsu ya fi na asali guba nesa ba kusa ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne idan tun ana gini aka yi shi. Bangon da ya raba gareji da gida a yi shi da bulo inci 9, a kai shi har ƙarƙashin rufi ko kankaren bene, kada a tsaya a tsayin silin. A toshe duk ramin da bututu ko waya suka bi. Ƙofar shiga gida ta zama ta ƙarfe ko ta katako mai kauri, mai rufe kanta, da roba a gefunanta. Kada ta buɗe cikin ɗakin kwana ko kaɗan. A can inda aka aro tsarin ma dokar gini ta hana hakan. A sayi na'urar da ke yin ƙara idan iskar gubar ta taru, mai aiki da batir, a kafa ta a barandar da ke kai wa ɗakunan kwana. Sannan a sauya ɗabi'a: a tayar da mota, a fitar da ita waje nan take, in ɗumin ake so ta yi shi a tsakar gida.

Janareto kuwa ba shi da wuri a gareji, na jikin gida ne ko na ware in dai rufaffe ne. Na san hujjar da ake kawowa, ɓarayi da ruwan sama. Amsarsu ita ce a yi masa kejinsa na ƙarfe mai rufi, a buɗe ta kowane gefe, nesa da tagogi, bakin salansa yana kallon inda ba kowa, har da tagar maƙwabci. Jarkokin fetur ma haka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi daɓe, tartsatsi ɗaya daga soket ko injin firiza ya isa. Mutanenmu sukan haɗa jarkar mai da tukunyar gas da batiran sola duk a kusurwa guda, a ƙarƙashin ɗakin da yara ke kwana. A raba su, man ya koma waje.

Wani abin da ake yi da kyakkyawar niyya: maigadi, ko direba, ko baƙon da ya sauka daga Arewa, a shimfiɗa masa tabarma a gareji kusa da mota. Wanda ya san gidansa ba ya rabo da baƙi, kuma gidan Bahaushe a Legas da wuya ya rabu da su, ya gina musu ɗaki mai taga.

Lissafin fili

Cikakken fuloti a Legas yawanci ƙafa 60 ne a 120, wato kimanin mita 18 a faɗi, 36 a tsayi. Hukumar ba da izinin gini ta jihar, LASPPPA, tana buƙatar a bar tazara tsakanin gini da iyakar fili, a galibin unguwannin zama mita 6 a gaba, mita 3 a kowane gefe da baya. Cire uku-uku daga 18, saura mita 12 na faɗin gini. Gareji mai ɗaukar mota ɗaya cikin sakewa zai ci kusan mita 3 da rabi, sai ka ga falon da aka yi ta muhawara a kansa ya tsuke. Mai rabin fuloti na ƙafa 60 a 60 kuwa abin da ya rage masa bai wuce mita 12 a 9 ba. A irin wannan filin maganar gareji a ware ba ta ma taso ba, na jikin gidan kuma asarar ɗaki ne. Mita shidan da doka ta tilasta a bari a gaba su ne wurin motarsa, ya kafa rumfa mai kyau a kai ya huta.

Masu cikakken fuloti su kuma sukan kai garejin can ƙuryar baya, kusa da boskwata, su manta cewa mota sai ta bi ta gefen gida kafin ta isa. A takarda mita 3 sun isa, tunda faɗin mota da madubanta bai fi mita biyu da ɗan kai ba. Amma bayan an tare sai injinan na'urar sanyaya ɗaki su fito a jikin bangon, a kafa ƙarfen tankin ruwa, a ja igiyar shanya, hanyar ta mutu. Mafi muni shi ne a haƙa sokawe, wato ramin da ruwan ban-ɗaki ke zuba, a kan hanyar da murfin da ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba. Tun a zane ake ware gefe ɗaya a ce na mota ne, sokawe da bohol da tanki su koma ɗaya gefen, a kuma bar inda za a juya, don kada kullum a riƙa fita da baya tsawon mita talatin.

Gini a jikin katangar gaba ko ta baya ba tare da yana cikin zanen da aka amince da shi ba, neman jan fenti ne daga jami'an LASBCA, hukumar da ke sa ido kan gine-gine a jihar. Haka ma mayar da gareji shago daga baya, wanda shi ne burin da wasu ke ɓoyewa a zuci tun farko. In shagon ake so a faɗa wa mai zane tun da wuri, a nemi izininsa.

Awo

Ana yawan auna gareji da motar da ake da ita yau. Corolla ba ta wuce mita 4.6 da ɗan abu ba, amma Sienna ta haura mita 5, Hilux mai ƙofa huɗu ta kai 5.3. Mita 3 a 6 shi ne mafi ƙanƙanta, kuma a cikinsa da ƙyar Hajiya za ta buɗe ƙofa ta fito da yaro a hannu. Mita 3.6 a 6.5 ya fi, na mota biyu kada ya gaza 6 a 6.5. Tsayin ƙofa a kai shi mita 2.4 saboda manyan motoci masu abin ɗaure kaya a sama. Awon ciki ake nufi, bayan filasta.

Ruwa da laima

Damunar Legas tana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma wanda ya ga abin da ruwan Yulin 2017 ya yi wa Lekki ya san ba a wasa da ita. Gareji shi ne mafi faɗin ƙofa a gida kuma mafi kusa da ƙasa, don haka ta nan ruwa ke fara shiga. In na jikin gida ne kuma daɓensa daidai yake da na falo, an buɗe wa ruwa hanya har gindin kujeru.

Tsari uku ake so a jere: titi a ƙasa, daɓen gareji a sama da shi sosai, daɓen gida kuma ya ɗara na gareji da taki ɗaya, kamar santimita 15. Kada a auna da titin yau kaɗai. Unguwannin da ake sayen fili yanzu yawancinsu titin ƙasa ne, ranar da aka zo yin kwalta ko shimfiɗa intalok za a cike shi ya tashi, gidajen da aka gina daidai da tsohon titi su koma rami. Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwanni ya ga gidajen da ake gangarawa kafin a shiga. Daɓen garejin ya ɗan karkata zuwa ƙofa, santimita ɗaya ko biyu a kowace mita, da ƙaramar kwata mai murfin ƙarfe a bakin ƙofar. Hawan da zai kai mota ciki kada ya yi tsaye har ƙaramar mota ta riƙa goga ciki, kuma kada a zuba kankare a toshe kwatar titi don a samu hawan. A yi kwalbati mai murfin da ake ɗagawa a yashe.

Akwai masu ganin rufaffen gareji shi ne gata ga mota. A Kano ko Sakkwato, inda rana da ƙura ne abokan gaba, haka ne. A nan kuwa ka shigar da mota jiƙe ka ja ƙofa, ba taga ba mafitar iska, ka haɗa ta da tsatsa da fumfuna a kujeru, balle a yankunan bakin teku kamar Ajah da Ibeju-Lekki da Badagry inda iskar ke ɗauke da gishiri. A sa bulo mai huda a ƙasa da sama, a bangaye biyu masu fuskantar juna, waɗanda ke kallon waje. Ƙofar naɗi a zaɓi ta alminiyam ko ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa. In mai aiki da lantarki ce a tabbatar tana buɗuwa da hannu, kuma garejin ware ya samu ƙaramar ƙofar mutum a gefe, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta mota ta zama fursuna. Buhunan wake da shinkafa da 'yan kasuwa ke jibgewa a gareji ma laimar nan ba ta barin su, ga warin mai da suke ɗauka.

Ƙari bayan an gama gini

Wanda ya tare shekara biyu sannan ya kira birkila ya manna masa gareji a jikin gida, ya yi hattara da ƙasar da yake kai. A yankin Lekki zuwa Epe da sauran wuraren fadama, gidan yana zaune ne a kan faffaɗan tushe na kankare ko turaku, sabon ginin kuma sai a yi masa ɗan tushe mara zurfi. Kowanne da yadda yake nitsewa, sai tsaga ta fito daidai mahaɗarsu, rufin ma ya fara yoyo a wurin. In dole sai an ƙara, injiniya ya duba, a bar 'yar tazara tsakanin ginin biyu a cike ta da abu mai laushi. Mafi sauƙi a janye shi gaba ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, a haɗa su da rufaffiyar baranda don kada ruwa ya doki mai ɗauke da cefane. Bututun wayar lantarki da na ruwan wankin mota kuma a binne su kafin a shimfiɗa intalok.

Sai batun sirrin gida, wanda mai zanen da ba Bahaushe ba ba lallai ya kawo shi a ransa ba. A zanen da ake kwafowa, ƙofar gareji kicin take faɗawa, wato tsakiyar sashen mata. Direba da makanike da mai wankin mota duk nan za su riƙa tsayawa. In an zaɓi na jikin gida, ƙofar ta buɗe a wani ɗan soro ta ɓangaren falon baƙi, ko a fasa ƙofar cikin baki ɗaya a riƙa zagayowa ta baranda, wanda hakan ma ya rage matsalar hayaƙi.

A ganina, ga yawancin masu gini a bayan garin Legas, rumfar mota mai ƙarfi ko gareji a ware mai yalwar iska sun fi dacewa, kuma rumfar ta fi araha nesa. Sai dai a dasa ƙafafunta cikin kankare a ɗaure rufin da kyau, domin iskar farkon damina tana ɗaga wadda aka kafa da ƙusoshi a kan intalok. Na jikin gida yana da ranarsa: gidan da ke da tsoho ko mara lafiya da ba ya iya tafiya mai nisa, ko rukunin gidajen da aka jera su manne da juna, inda ƙasan bene ne kaɗai wurin mota. A irin wannan na ƙarshen, ginshiƙan da ke riƙe da benen a ƙasa ba na taɓawa ba ne, ko da mota tana goga su wajen shiga. A naɗe su da roba, a bar su yadda injiniya ya tsara.