Yadda za ka karanta gwajin tayirod mai aiki fiye da kima, da zaɓin magani

Fara da TSH a takardar gwajin jininka, wato sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki. Idan ya faɗi ƙasa da 0.4, T4 ko T3 (sinadaran da tayirod ke fitarwa) kuma suka haura, to tayirod ɗin, wato tsokar da ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, tana zuba sinadari fiye da buƙata. Shi ke kawo rama duk da yawan ci, da bugun zuciya, da karkarwar hannu, da zufa ko a lokacin hunturu. Sai dai wannan gwajin bai faɗi dalili ba.

Yawanci dalilin yana wajen sojojin garkuwar jiki. Wanda za ka nema a takardar shi ne TRAb, sojan garkuwar da ke tunzura tayirod. Idan ya wuce iyakar da ɗakin gwajin ya rubuta, sau da yawa wajen 1.75, cutar Graves ce, inda garkuwar jiki ke sa tayirod aiki fiye da kima. Anti-TPO kuwa, wani sojan garkuwar daban, yakan tsorata mutane a banza, ana samunsa a masu Graves, da masu Hashimoto (cutar garkuwa mai rage aikin tayirod), har da lafiyayyu, kuma ba a bin lambarsa wajen ƙara ko rage magani. In TRAb bai nuna komai ba, sai a yi hoton wuya, ko ƙulli ne ko kumburi mai wucewa da kansa. Mai shan bitamin biotin don gashi ya dakata kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini, yana rikita sakamako.

Yawanci da carbimazole, maganin rage aikin tayirod, ake farawa, miligram 15 zuwa 40 a rana, ana auna T4 duk mako 4 zuwa 6 ana ragewa. TSH yakan yi watanni bai tashi ba, kada wannan ya sa a ƙara magani. Ana sha wata 12 zuwa 18, kuma kusan rabin masu sha ciwon na dawo musu, musamman wanda TRAb ɗinsa ke sama lokacin dainawa. Propranolol na kwantar da bugun zuciya kafin nan, amma mai asma ya guje shi.

Abin da ba a wasa da shi: zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ga mai shan carbimazole. Kada a ce maleriya ce a wuce kyamis. A ajiye maganin, a je asibiti a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ranar, domin a wasu 'yan kaɗan yakan karya su gaba ɗaya.

Mai juna biyu, a wata ukun farko, propylthiouracil ake ba ta maimakon carbimazole. A auna mata TRAb ko da an taɓa cire mata tayirod, domin yana ratsa mabiyiya ya taɓa ɗan da ke ciki.

In ciwon ya dawo, saura aidin mai tiriri (na rediyeshan, da ake sha ya ƙone tayirod) ko tiyata. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa aidin ɗin, ana jinkirta ɗaukar ciki wata 6 bayansa, kuma yana iya ƙara firfitowar idanu da cutar Graves ke kawowa, musamman ga mai shan taba. Tiyata ta fi dacewa da babban maƙoƙo mai danne maƙoshi, haɗarinta dishewar murya da faɗuwar kalsiyam. Bayan kowannensu, yawancin mutane levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, za su riƙa sha kullum.