Yadda Za Ka Tafi Aikin Sa Kai Wurin Ceton Namun Dajin Afirka Daga Nan Legas

Tun da na dawo daga aikin sa kai a wata cibiyar kula da birai a Afirka ta Yamma, samarin unguwarmu a Agege suke tare ni da tambayar ta ina ake bi. Wasu sun gama karatun likitan dabbobi ko kimiyyar halittu suna zaune ba aiki, wasu kuwa son dabbobi ne kawai tun suna yara a gida arewa. Abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne ya nemi abin da zai iya yi da hannunsa a nan Legas tukuna, domin shi ne zai buɗe masa ƙofa a waje.

Dalili shi ne, yawancin tallace-tallacen aikin sa kai da za ka gani a intanet an tsara su ne don aljihun Turawa. Ɗaruruwan daloli a kowane mako, ban da kuɗin jirgi. Cibiyoyin ba su yi laifi ba, da kuɗin nan suke sayen abincin dabbobi da biyan albashi. Amma wanda albashinsa da naira yake ba zai iya gogayya ta nan ba. Abin da kake da shi shi ne sana'a da lokaci. Mutumin da ya iya ɗinkin rauni, ko walda, ko gyaran famfo da sola, ko tuƙin mota a laka, kuma ya ce zai zauna watanni, yana da bakin da zai nemi a rage masa kuɗi ko a ɗauke masa na masauki.

Ga wuraren farawa a kusa da mu. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, tana da cibiyarta a Lekki, wadda aka buɗe a 1990, daji ne mai hekta 78 a tsakiyar gine-gine, kuma tana hulɗa da masu sa kai. Akwai Greenfingers da gidauniyar Saint Mark's, dukansu a Legas, masu karɓar dabbobin da aka ceto daga kasuwannin naman daji irin ta Epe. A irin waɗannan wurare za ka iya ganin ɗankunya ido da ido, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa idan ta tsorata. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2017, duk da haka a watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya da ɓawonsa sama da tan 25. Idan tsuntsaye ne suka fi jan hankalinka, shiga aikin ƙidayar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta. Da manhajar BirdLasser a wayarka kake rubuta abin da ka gani da wurin da ka gan shi. Duk abin da ka yi, ka riƙa rubuta shi a littafi da kwanan wata, ka kuma san wanda zai tsaya maka shaida.

Ni a kasuwar shanu ta Oko-Oba nake aikin duba lafiyar dabbobi, kuma a can na fara gane abin da ake nufi da ƙarewar halitta. Dattawan mahauta suna ba ni labarin lokacin da ungulaye ke cika rufin kwata har sai an kore su. Yanzu sai ka daɗe kana ɗaga kai ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan da muka saba gani a garuruwanmu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma cinikin kanta da sassan jikinta don haɗa magani yana cikin abin da ya cinye ta. Yawancin wannan ciniki da harshenmu ake yin sa. Saboda haka wanda ya iya zama da mafarauci ko mai maganin gargajiya ya yi masa magana da Hausa cikin ladabi yana da abin da baƙo daga Turai ba shi da shi. Ka sa wannan a takardar neman gurbinka.

Sai zaɓen ƙasa. Shawarata ita ce tafiyar farko ta kasance cikin ECOWAS, inda fasfonmu ke shiga ba biza har kwana 90. A Saliyo akwai Tacugama, a kan duwatsun da ke bayan birnin Freetown, wadda Bala Amarasekaran ya kafa a 1995. Tana riƙe da biran cimfanzi sama da 100 da aka ƙwato daga hannun mutane, kuma a 2019 ƙasar ta ayyana wannan biri a matsayin dabbar ƙasa. Ka sani filin jirginsu yana Lungi ne, sai ka hau jirgin ruwa kafin ka shiga birni, don haka ka ware kuɗinsa. A Kamaru, wadda ba ta cikin ECOWAS, akwai cibiyar Limbe da aka kafa a 1993 tare da gidauniyar Pandrillus, wannan gidauniya ce kuma mai gidan kula da biran diril a Kalaba da dutsen Afi. Wanda ya fara da Kalaba ya riga ya san irin aikin. Sai dai Limbe tana yankin masu magana da Ingilishi da ke fama da rikici, sai ka tambayi cibiyar halin da ake ciki kafin ka sa rana.

Akwai wurare biyu da raina ke so amma ba zan tura kowa ba a yanzu. Ɗaya shi ne Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka farfaɗo daga guda 49 a 1996 zuwa sama da 600. A can ne 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a watan Agustan 2020. Ɗayan kuma gandun Pendjari ne a arewacin Jamhuriyar Benin, ɓangare ne na dajin da ya ratsa har Burkina Faso da Nijar, wanda ya riƙe mafi yawan zakunan Afirka ta Yamma, waɗanda binciken 2014 ya ce ba su wuce kimanin 400 ba. Rashin tsaro ya kai can ma.

Idan hali ya samu na zuwa nesa, a Kenya akwai Ol Pejeta, inda karkanda biyu na ƙarshe daga irin farar karkandar arewa suke, Najin da 'yarta Fatu, bayan mutuwar namijin ƙarshe, Sudan, a watan Maris na 2018. Amma wurin da na fi so ɗan makiyayi ya gani shi ne cibiyar CCF da Laurie Marker ta kafa a 1990 kusa da Otjiwarongo a Namibiya, don ceton rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da babu mai kama ta a gudu. Makiyayan can suna harbe ta ne saboda tana ɗauke musu awaki. Cibiyar ba ta tsaya yi musu wa'azi ba. Tun 1994 take kiwon manyan karnukan tsaron garke 'yan asalin Turkiyya, tana ba makiyaya su tun suna 'yan kwikwiyo, su tashi cikin awaki, su riƙa korar namun daji da haushi. Da ɓarna ta ragu, harbin ma sai ya ragu. Duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya ji kukan kura a bayan shinge zai fahimci wannan aiki nan take. Namibiya da Afirka ta Kudu suna buƙatar biza, kuma ka faɗa wa ofishin jakadanci gaskiya cewa aikin sa kai za ka je, don izininsa yakan bambanta da na yawon buɗe ido.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ba kowane wuri mai ɗauke da sunan ceton dabbobi ne yake ceton su ba. A Afirka ta Kudu akwai zakuna kusan 8,000 da ake kiwo a cikin shinge. Ana raba 'ya'yan da uwarsu suna 'yan kwanaki, a ce wa masu sa kai marayu ne, su biya kuɗi su riƙa ba su madara a kwalba. Idan suka girma sai a sayar wa masu harbi a cikin shinge, ƙasusuwan kuma a kai Asiya. A watan Mayun 2021 ministar muhallin ƙasar ta lokacin, Barbara Creecy, ta sanar da aniyar rufe wannan sana'a, amma ba a gama da ita ba. Duk wurin da hotunansa suka cika da baƙi rungume da ɗan zaki ko suna tafiya da shi, ka bar shi. Kafin ka tura ko kwabo, ka rubuta musu ka tambaya: daga ina dabbobinku suke zuwa, kuna barin su haihuwa, ina suke zuwa idan sun girma, 'yan ƙasa nawa ne a cikin ma'aikatanku, wane izini kuke da shi daga gwamnati? Wurin kirki yana amsawa ba ɓoye-ɓoye. Idan cibiyar birai ce, duba ko tana cikin ƙungiyar PASA, wato haɗakar cibiyoyin ceton birai na Afirka, wadda ke tantance irin waɗannan cibiyoyi tun 2000. Ka yi magana da cibiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta, ka bar dillalan Facebook, don ba a cinikin biri a sama.

Takardu ba su da wuya idan an fara da wuri. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara ana yin sa a ofishin lafiya na filin jirgin Ikeja, yana fara aiki bayan kwana 10 da allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka yi rigakafin ciwon haukan kare, allura biyu ce da tazarar mako guda, da na ciwon hanta da na sarƙewar haƙora. Cibiyoyin birai sukan nemi shaidar gwajin tarin fuka, saboda cutar da ke jikinmu tana kama su, mura ma tana iya kwantar da garke guda. Kada ka tafi ba inshorar lafiya.

Aikin kansa kuwa, ka shirya wa wahala. A inda na zauna, bayan sallar asuba muke shiga ɗakin haɗa abinci, mu yanka gwanda da dankali da kabeji baro-baro, kowane garke da ma'auninsa a rubuce a jikin allo. Daga nan sai wankin ɗakunan kwana da tsintsiya da ruwan magani, sanye da takalmin roba da takunkumi, sai shiga daji yankan ganye. Ba a barin baƙo ya taɓa biri, kuma akwai layin da aka ja a ƙasa wanda ba a tsallakawa kusa da wayar shinge, domin babban cimfanzi ya fi mutum ƙarfi nesa ba kusa ba, yana iya fizge yatsa. Akwai wata ƙaramar birinya da aka kawo da zoben tabo a ƙugunta, inda igiya ta ci nama ta hana gashi fitowa. Ba ta karɓar abinci sai daga hannun wani dattijon ma'aikaci, shi kuma sai ya tsuguna ya juya mata baya ya miƙa ayabar ta gefe, ba ya haɗa ido da ita. Kafin a samu jariri irinta a kasuwa sai an kashe uwar, sau da yawa har da wasu manyan garken. Irin wannan dattijo shi ne malaminka a can. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gaida babanka, ka ɗauke masa bokiti, ka yi shiru ka kalli hannunsa.

Maganar ibada da abinci, ka faɗa musu tun a wasiƙa. Ban ga inda aka hana mutum minti goma na salla ba idan ya sanar da wuri. Saliyo ƙasa ce mai rinjayen Musulmi, nama ba zai zama matsala ba, amma a dajin Namibiya ka shirya wa wake da ƙwai da kifin gwangwani. Ka guji sa tafiyar a watan azumi idan aikin na rana ne. Ke kuma 'yar'uwa, ki tanadi ƙaramin hijabi mai kama jiki wanda za ki cusa cikin riga, saboda birai suna cafke duk abin da ke lilo, ki kuma tambaya ko ɗakin kwanan mata daban yake. Kayan tafiya kaɗan ne: rigar ruwa, tocilar goshi, gidan sauro, da tufafi masu duhun launi da ba za ka ji ciwon lalacewarsu ba.

Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya cire rai. Ƙungiyar Tropical Biology Association tana shirya kwasa-kwasan daji tana tallafa wa ɗaliban Afirka. Gidauniyar Rufford tana ba da ƙananan tallafi ga masu fara aikin kare halittu, asusun Mohamed bin Zayed kuma yana bayar da har dala 25,000 ga aikin ceton halitta guda. APLORI tana da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Mai son mayar da abin sana'a ya duba makarantar namun daji ta Garwa a arewacin Kamaru, wadda aka buɗe a 1970, garin da za ka yi ciniki da Hausa ko Fulatanci a kasuwa, ko kwalejin Mweka ta Tanzaniya da ke aiki tun 1963. Dukansu suna son ganin shaidar cewa ka taɓa aikin. Saboda haka kafin ka baro kowace cibiya, ta Lekki ce ko ta Freetown, ka roƙi shugaban sashenka ya rubuta maka takarda mai hatimi da ke faɗin ayyukan da ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka karɓe ta a hannu tun kana can, don idan ka dawo sai ka yi ta bin su da saƙo kafin a aiko.