Yadda Ake Tattara Tarihin Gasar Ƙwallon Kwando ta Maza Tsakanin Jami'o'in Yanki

Duk wanda ya taɓa zama a fadar tsofaffin ƴan wasa a Damagaram bayan sallar isha'i ya san yadda hirar ƙwallon kwando take tafiya. Kafin a sauke shayi na biyu an riga an kaure da musu a kan wani wasa da aka buga da ɗaliban wani gari, wannan ya ce da maki biyu aka ci, wancan ya rantse tara ne, kuma babu mai takardar da zai fito da ita ya raba gardama. A nan Nijar an kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa a 2010, na Agadas da Difa da Doso da Tillaberi suka biyo baya a 2014, saboda haka akasarin samarin da suka fara sa riga da sunan waɗannan makarantu suna nan da ransu, lambobin wayarsu ma suna hannun abokai. Wanda yake son rubuta tarihin wasanninsu yanzu ne lokacinsa, kuma aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, haƙuri da tsari yake bukata.

Abu na farko shi ne ka shata wa aikinka iyaka, domin wanda ya ce zai rubuta tarihin wasannin jami'o'in ƙasa baki ɗaya a karo guda yakan gaji bai kai ko'ina ba. Ka zaɓi makarantu biyu ko uku waɗanda kusanci ya sa suke yawan haɗuwa, ka tsaya a kan ƙungiyoyin maza kaɗai, ka kuma yanke shekarar farawa da ta tsayawa. A Amurka, inda wannan gasa ta fi daɗewa, tarihin da ya fi cika shi ne na maƙwabta. Jami'ar Duke da ta Karolina ta Arewa, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita ashirin ba, sun fara karawa a 1920, kuma har yau ana iya zaro sakamakon kowace haɗuwa tasu. A birnin Filadalfiya jami'o'i biyar, wato Penn da Temple da Villanova da La Salle da Saint Joseph's, sun ƙulla yarjejeniyar buga wa juna wasa a 1955, suka mai da zauren Palestra da aka buɗe a 1927 matattararsu. Waɗannan makarantu sun sami cikakken tarihi ne saboda a kowane wasa akwai mutumin da ya zauna da alƙalami ya rubuta rana da wuri da sunaye da maki.

Bayan iyaka sai neman takardu, kuma uwar takardu a wannan wasa ita ce takardar maki da ake cikawa a teburin alƙalai. Ya kamata ka iya karanta ta kafin ka fita nema. A samanta akwai sunan gasa da rana da ƙarfe nawa aka fara da wurin wasa da sunayen alƙalai. A gefe akwai sunayen ƴan wasa, waɗanda ba sa wuce goma sha biyu a kowane ɓangare, da lambar rigar kowa da gidajen da ake rubuta laifuffukansa har zuwa na biyar da ke fitar da shi daga fili. A ɗaya gefen akwai jerin lambobi da ake bi ana sokewa yayin da maki ke hawa, kuma a nan ne labarin wasan yake kwance: kusa da kowace lamba da aka soke za ka ga lambar ɗan wasan da ya ci, idan an kewaye lambarsa da da'ira to jifan maki uku ya yi, idan kuma ɗigo aka cike a kan makin to jifan kyauta ne. Bisa ƙa'idar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ana rubuta zango na ɗaya da na uku da jan biro, na biyu da na huɗu da shuɗi ko baƙi, saboda haka ko da kallon launin tawada za ka gane lokacin da wata ƙungiya ta farfaɗo ko ta karaya. Akwai kuma gurbin da kyaftin yake sa hannu idan ƙungiyarsa ta ƙi amincewa da sakamako, kuma duk inda ka tarar da hannu a wannan gurbi ka san akwai labarin da ya cancanci ka bi sawunsa.

Ka fara tambaya a ofishin da ke kula da jin daɗin ɗalibai da wasanninsu, sannan wajen wanda ya riƙe sashen wasanni a ƙungiyar ɗalibai a shekarun da kake bincike, sannan wajen masu horarwa da alƙalan wasa na yanki. Kada ka karaya idan aka ce maka babu komai. Na taɓa yin sati uku ina kai-komo a wani ofishi, a ƙarshe aka jawo mini kwali daga ƙarƙashin tebur, na buɗe na tarar gara ta cinye rabin takardun, ruwan damina kuma ya wanke tawadar sauran. Takarda ɗaya ce ta tsira, ita ma kusurwar da aka rubuta ranar wasa ta tafi, amma sunaye takwas sun fito sarai, kuma ta kan waɗannan sunaye na kai ga mutane biyar. Ka tuna cewa takardar maki ana yin ta ne kwafi-kwafi, masu shirya gasa su ɗauki nasu, kowace ƙungiya ta tafi da nata, don haka abin da ya salwanta a Damagaram yana iya kasancewa a cikin jakar wani tsohon kyaftin a Maraɗi. Haka kuma takardar izinin tafiya da jerin sunayen waɗanda suka shiga kar da rasiɗin mai duk shaidu ne, domin suna ɗauke da kwanan wata da hatimi. Tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel da Sahel Dimanche da kasakasan gidajen rediyo na gari su ma a duba su, ko da yake labarin wasan ɗalibai a cikinsu yakan zo a taƙaice.

Hira da tsofaffin ƴan wasa ita ce ɓangaren da ya fi daɗi, ita ce kuma ta fi saurin ɓatar da mai bincike. Ka je wa mutum da ladabi, ka gaishe shi yadda ya dace, idan mai horarwa ne ka ce, "Mushe, na zo ne ku taimaka mini da abin da kuka gani da idonku," sannan ka nemi izininsa kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya a wayarka. Ka gana da kowa shi kaɗai tukuna, saboda a cikin taro mai babbar murya ne yake kafa labari, sauran su bi shi. Kada ka tambaye shi shekarar da aka yi wasa kai tsaye, domin shekarar karatu takan ratsa shekaru biyu na kalanda, mutane kuma sukan rikita su. Ka tambaye shi aji nawa yake a lokacin, da sanyi ne ko da bazara, an shiga azumi ko ba a shiga ba, kafin bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ne ko bayansa, an riga an yi Zinder Sabuwa na 2018 ko tukuna, an rufe makarantu saboda korona a 2020 ko ba a kai ga haka ba. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure kwanan wata har ya tsaya. Idan da hoto, ka ajiye shi a gabansa ka bar shi ya bi fuskoki da yatsa yana kiran sunaye daga hagu zuwa dama, kai kuma kana rubutawa a bayan kwafin hoton, ba a bayan na asali ba.

Darajar bakin mutane ta fito fili a wani wasa da aka buga a garin Durham na Amurka ranar 12 ga Maris 1944, zamanin da dokar wariyar launin fata ta hana baƙar fata da farare haɗuwa a fili ɗaya. Ƙungiyar kwalejin baƙar fata ta Karolina ta Arewa, ƙarƙashin mai horarwa John McLendon, ta karɓi baƙuncin ƙungiyar ɗaliban likitanci na Duke a asirce da safiyar Lahadi, aka kulle ƙofofi, aka buga, masu masauki suka ci 88 da 44. Labarin bai bazu a duniya ba sai a 1996, bayan wani masanin tarihi mai suna Scott Ellsworth ya ji shi daga bakin McLendon ya kuma bi sauran waɗanda suka buga. Da bai je ya zauna da dattijon ba, da wasan ya bi masu shi kabari.

Idan ka tara bayanai za ka ga suna saɓa wa juna, kuma a nan ake gane mai aiki da gaskiya. Ka buɗe littafi mai layi ko jadawali a kwamfuta, kowane wasa da layinsa: rana, gari, fili, sunan gasa, ƙungiyoyi biyu, maki, sannan gida na ƙarshe inda za ka rubuta daga ina ka samo. Abin da takardar maki ta faɗa shi ne gaba, sai abin da jarida ta buga a makon wasan, sai abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, musamman idan ɗayansu daga ɓangaren da aka ci yake. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa ka rubuta shi da cewa wane ne ya faɗa. Kada son gida ya sa ka tsallake wasannin da aka lallasa ƙungiyarku, domin ɗan Tawa da ya karanta ya ga babu ranar da suka yi nasara ba zai ƙara yarda da sauran shafukan ba. Ka kuma raba wasan sada zumunta da wasan gasa, kada su cakuɗe a lissafi ɗaya.

Sunayen makarantu suna canjawa, sai ka rubuta kowace da sunan da take amsawa a ranar wasan, ka ƙara na yanzu a gefe. Tsofaffin takardu za su ce Jami'ar Zinder kawai, sunan André Salifou daga baya ya zo, haka ma Djibo Hamani a Tawa. Kwalejin Texas Western da ta ci kofin ƙasar Amurka a 1966, lokacin da ta fara wasan ƙarshe da baƙar fata biyar ta doke Kentucky 72 da 65, ta koma Jami'ar Texas ta El Paso shekara guda bayan haka, kuma wanda bai san wannan ba zai ɗauka makarantu biyu ne.

Maki ba ya da ma'ana sai an san dokar da aka buga wasa a ƙarƙashinta. Wasan farko tsakanin manyan makarantu biyu, wanda aka yi a jihar Minnesota a watan Fabrairu na 1895, shekara uku da ƴan watanni bayan James Naismith ya ƙirƙiro wasan a ƙarshen 1891, ya tashi 9 da 3, kuma mutum tara-tara ne suka buga. Na farko da aka yi da biyar-biyar shi ne na Shikago da Iowa a 1896, aka tashi 15 da 12. A 1968 jami'ar jihar Karolina ta Arewa ta doke Duke 12 da 10, ba don rashin gwaninta ba, sai don a lokacin babu agogon da ke tilasta jifa, ƙungiya tana iya riƙe ƙwallo har ta gaji. Wannan agogo bai shiga gasar jami'o'in Amurka baki ɗaya ba sai kakar 1985, layin maki uku kuma ya biyo baya a kakar 1986. Mu a nan dokokin FIBA muke bi, wadda ta karɓi layin maki uku a 1984, ta kuma koma zango huɗu na minti goma-goma da agogon daƙiƙa 24 a shekarar 2000. Amma abin da doka ta ce daban, abin da aka iya yi a filin siminti daban, don haka ka tambaya ko an riƙa tsayar da agogo idan ƙwallo ya fita, ko an taƙaita zango saboda magariba ta kawo jiki babu fitila, ko iskar hunturu ce ta hana jifa daga nesa. Wasan da aka tashi 38 da 31 a irin wannan yanayi ba a auna shi da wanda aka buga a cikin zaure.

Tafiya ma tana cikin tarihi. Ƙungiyar da ta taso daga Damagaram da asuba, ta bi ta Takeita da Tasawa da Agye ta shiga Maraɗi bayan fiye da kilomita 200, ta shiga fili da la'asar, ba daidai take da wadda ta kwana a gida ba, balle wadda ta yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Ka rubuta wa ya biya kuɗin mota, ina aka sauka, mutum nawa suka tafi, wa aka bari saboda jarrabawa.

Idan ka gama, ka ɗauki hoton kowace takarda da hasken rana, ka sa wa kowane hoto suna da ya fara da shekara da wata da rana, ka ajiye kwafi a waya da kwamfuta da kuma adireshinka na intanet. Takardun asali ka mayar wa masu su a cikin leda mai kauri, ka roƙe su su ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Ka buga kwafi uku na abin da ka rubuta, ɗaya ga ɗakin karatu na jami'a, ɗaya ga mai horarwa, ɗaya kuma ka aika wa abokan karawa su duba su gyara maka inda ka kuskure. Daga wasa na gaba kuma, da zarar alƙali ya busa usur na ƙarshe ya sa hannu, ka matsa kusa da tebur ka nemi izinin ɗaukar hoton takardar maki kafin a naɗe ta a sa a aljihu.