Yadda ake canza shaɗɗaf (tiyon tsarki na banɗaki) mai yoyo

'Yan'uwa na Jidda da Makka sun yi ta tambaya a kan wannan. Ba sai an kira mai gyaran famfo ba, aikin 'yan mintuna ne. Ka nemi sabon shaɗɗaf mai bakin rabin inci, da sifana.

1. Rufe ƙaramin famfon da ke jikin bango.
2. Danna hannun shaɗɗaf ɗin, sauran ruwan ya tsiyaye.
3. Kwance notin tsohon tiyon, kana juyawa hagu.
4. Goge bakin famfon. In farin gishiri ya daskare a kai, jiƙa tsumma da ruwan khal ka naɗe shi na ɗan lokaci.
5. Leƙa cikin notin sabon tiyon, ka tabbatar baƙar robar nan mai kamar zobe, mai hana yoyo, tana zaune.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. Robar kan faɗo cikin leda ba a sani ba, kuma in babu ita, ko ka naɗa tef har ka gaji sai ya ɗiga.

6. Ɗaura notin da hannu har ya tsaya.
7. Ƙara ɗan juyi kaɗan da sifana. Kada ka matse da ƙarfi, masu arahar nan tsagewa suke yi.
8. Buɗe ruwan a hankali.
9. Ɗora busasshen tishu a mahaɗar. In ya jiƙe, rufe ruwan ka koma mataki na 5.