Tsakanin "Dear Sir" da "Hi": Tura Bayani da Turanci a Birtaniya

Watannin farko a Birtaniya watannin tura takardu ne. Dillalin gidan haya yana son bayanin asusunka na banki, wurin aiki suna son lambarka ta inshorar ƙasa, jami'a tana son hoton fasfo, ƙaramar hukuma kuma sai ta ga shaidar cewa kai ɗalibi ne na cikakken lokaci kafin ta ɗauke maka harajin gida. Kusan duk ta imel ake yi. Samo takardar ba ya ba mutanenmu wahala kamar layi biyu ko uku da za a rubuta a samanta.

Mu mun taso wasiƙa ba ta farawa sai da "bayan dubun gaisuwa da fatan alheri", kuma babba ba a faɗa masa magana kai tsaye. Da muka shiga ofis a Najeriya sai muka tarar da Turancin da ya dace da wannan tarbiyya: "Sequel to our discussion", "The above subject matter refers", "Attached herewith for your kind perusal". 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci su ma suna da tasu doguwar sallama ta ƙarshen wasiƙa. Babu kuskuren nahawu a cikin waɗannan jimloli, sai dai masu harshen sun daɗe da ajiye su. Tun 1979 aka kafa ƙungiyar Plain English Campaign don yaƙi da irin wannan rubutu a takardun hukuma, kuma shafin gwamnati na GOV.UK ƙa'idarsa ce a yi rubutu da kalmomi masu sauƙi. Ma'aikaciyar da saƙonni suka yi wa yawa tun safe, girmamawar da take ganewa ita ce ta san abin da ka turo da abin da kake so tun a layin farko.

Saboda haka ga baƙo, matsakaicin salo ya fi kwanciyar hankali, kuma shi ne zai yi maka yawancin aikinka. Ɗauki misalin lambar da ake cirowa a shafin gwamnati don mai ɗaukar aiki ya duba izininka na aiki, wadda suke kira share code. Haruffa ne da lambobi guda 9, tana aiki kwana 90, kuma mai dubawa yana buƙatar ranar haihuwarka tare da ita. Saƙon da ya dace bai wuce haka ba: "Dear" da sunan mutumin, sai "Here is my share code for the right to work check", sai lambar a layinta ita kaɗai, sai ranar haihuwa, sai "Please let me know if you need anything else", ka rufe da "Kind regards" da cikakken sunanka. Shi ke nan. Ka lura kuma lambar izinin aiki daban take da ta izinin kama haya da ake nema a Ingila, don haka faɗin wacce ka turo yana daga cikin saƙon. In takarda ka maƙala, "I've attached my bank statement for March" ya wadatar. "Please find attached" har yanzu tana yawo, ba wanda zai ga laifinka, amma ta fi kama da ta lauya ko banki.

Gaisuwa ba a hana ta ba. Layi ɗaya ne rabonta: "I hope you're well". Tambayar iyali da gajiya sai ka ajiye wa wanda kuka saba.

Inda na fi son sabon zuwa ya natsu shi ne wajen gane abin da ke sa a koma ga cikakken salon hukuma. A gida muƙamin mai karɓa muke dubawa. A nan nauyin maganar ake dubawa. Shugaban sashenku zai iya rubuto maka "Hi" ya sa sunansa na yanka kawai a ƙasa, kai ma ka mayar masa da "Hi" ba tare da ka yi rashin kunya ba. Amma ranar da za ka sanar da mai gidan haya cewa na'urar ɗumama ɗaki ta lalace, ko ka nemi kuɗin ajiyarka bayan ka tashi, ko ka ajiye aiki, ko ka ɗaukaka ƙara kan wani hukuncin jami'a, to wannan saƙon yana iya zama hujja wata rana a gaban wanda bai san ku ba. Shi ake sa wa babbar riga. "I am writing to inform you that", sai abin da ya faru, da ranar da ya faru, da adireshin gidan ko lambar fayil ɗinka, da abin da kake nema. Kada ka gajarta kalmomi, kada ka sa barkwanci, kada fushi ya fito ko da kana da gaskiya. Ka rubuta sunan wata da haruffa, kamar 4 March, domin 04/03 a Birtaniya Maris ne, a Amurka kuwa Afrilu za a karanta. In ba ka san sunan mai karɓa ba, "Dear Sir or Madam" ke tafiya da "Yours faithfully"; in ka ambaci sunansa, "Yours sincerely". Mace da ba ka san ko tana da aure ba, Ms ake sa mata. A jami'o'in Birtaniya ba kowane malami ne Professor ba, yawanci Dr ne, kuma shafin sashensu zai nuna maka.

Akwai 'yan kalmomi da muke ɗauka ladabi ne amma kunnen Bature yana jin wani abu daban. "Kindly send" tana iya yi masa kama da umarnin wanda ransa ya ɓaci, sannan, abin takaici, ta yi ƙaurin suna a wasiƙun 'yan damfara da ake kira 419, tare da "Dear friend" da yawan kirari. Saƙonka na gaskiya bai kamata ya sa kayansu ba. "Could you please send" ta fi. "Please revert" da muke nufin a ba mu amsa, da yawansu ba za su gane ba. "Please reply" ko "let me know" ake cewa. "My dear" ga abokiyar aiki na iya jawo maka zama da ofishin kula da ma'aikata. Ita kuwa "As per my last email", wadda mutum zai rubuta da zuciya ɗaya, a ofisoshinsu habaici ce: ai na riga na faɗa maka, ba ka karanta ba ne?

Salon sakin jiki wurinsa Teams, manhajar saƙonnin wurin aiki, da WhatsApp da abokan aji: "Here you go", "Just a heads-up", "FYI", wato "don ka sani". Ko ita "FYI" ɗin kada ka tura wa manaja ita tsirara. Ƙara rabin layi da ke cewa me ya sa yake buƙatar sani, da ko akwai abin da zai yi. "Cheers" a ƙarshen saƙo godiya ce kawai, ba ruwanta da shan giya. Harafin x da wasu ke sawa a ƙarshe kuwa sumba yake nufi tsakanin makusanta, ka bar musu abinsu.

In ka rasa matakin da za ka tsaya, fara da mataki ɗaya sama da abin da kake zato, sannan ka duba amsar. Yadda ya gaishe ka da sunan da ya sa a ƙasa su ne izininka na gaba. In ya sauko, ka sauko. Ci gaba da "Dear Sir" bayan mutum ya ba ka sunansa sau uku yana sa shi jin kana nesanta kanka da shi.

Kafin ka danna turawa, ka sa take mai ma'ana a layin batu, ka sauya wa fayil suna daga dogayen lambobin kyamara zuwa sunanka da nau'in takardar, ka kuma sake karanta adireshin mai karɓa harafi bayan harafi in fasfo ko bayanin banki ne a ciki. In kuma ta waya kuka yi maganar, musamman da mai gida ko dillali, bi ta da gajeren imel a ranar: "Just to confirm what we agreed on the phone today", sai ka jero abin da kuka tsayar.