Layin masu jiran littafi a laburare: yadda ake tafiyar da shi da lokacin da ya kamata a ƙaro kwafi

A laburare mai rassa, irin waɗanda Hukumar Laburare ta Ghana ke gudanarwa tun 1950, daga babban ɗakin karatu na Accra har na yankin Ashanti da ke Bantama a Kumasi, aikin layin jira ya fi yawa idan jarrabawar BECE (ta kammala ƙaramar sakandare) ko WASSCE (ta kammala babbar sakandare) ta gabato. Ɗalibai daga Nima, Maamobi ko Aboabo suna neman littafi ɗaya, kwafi ba su da yawa, sai ma'aikaci ya ga sunaye sun cika shafi ya rubuta takardar neman a sayo ƙari. A nan ake ɓarnar kuɗi. Tsawon layi kaɗai bai isa hujjar saye ba.

A fara da yadda ake rubuta mai jira. Ko a rajistar takarda ko a manhajar kwamfuta ta laburare irin Koha, a ɗauki lambar katinsa, lambar waya mai aiki, reshen da zai karɓa, da ranar da littafin zai daina yi masa amfani. Wannan ta ƙarshe ce aka fi mantawa, alhali ita ce ke hana a kira ɗalibi bayan ya gama jarrabawa. A ɗaura buƙatar a kan sunan littafin gaba ɗaya, kada a ɗaura ta a kan kwafi guda, don duk kwafin da ya fara dawowa a kowane reshe ya tafi wurin na gaba. Idan yaro ya ba da lambar mahaifiyarsa da ke kasuwa, a rubuta hakan a gefe, mai kira ya san da wa zai yi magana. Kowane kati a ƙayyade masa buƙata 3 zuwa 5 a lokaci guda.

Kafin a yi kowane lissafi, a tsabtace layin. A cire wanda ya rubuta sunansa a rassa biyu, da wanda katinsa ya ƙare, da wanda ranarsa ta wuce. Sauran a tura musu tes su tabbatar suna nan, wanda bai amsa ba cikin mako guda a sauke shi.

Sai ƙirgar kwafi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Kamar tashar trotro (motocin haya na Ghana) ne: motocin da ke kan hanya su ke rage layi, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Kwamfuta za ta ce kwafi 7, amma ɗaya na karatun cikin ɗaki ne ba a fita da shi, ɗaya yana wurin mai ɗinkin littafi, ɗaya kuma wa'adinsa ya wuce da wata 3, mai aron ya koma Tamale. Masu aiki 4 ne. A tura mutum ya duba kantar littattafai da idonsa, domin kwafin da aka ce “yana nan” amma an saka shi a lambar da ba tasa ba yana tsayar da layi gaba ɗaya: manhaja tana ta jiran a ciro shi, ba kuma wanda ya gan shi. Duk wanda ba a samu ba bayan dubawa biyu, a sa masa alamar ɓata nan take.

Ga lissafin da misali. Mutum 24 suka rage, kwafi 4 ke yawo, kowane kwafi yana da mutum 6. Zagaye ɗaya ba kwana 14 na aro ba ne kawai. A ƙara kwana 5 da littafi ke yi a kantar ajiya yana jiran mai shi, da kwana 2 na kai shi wani reshe. Kwana 21 ke nan, sau 6, kwana 126. Na ƙarshe a layi zai jira wata 4 da ɗoriya. Rahoton Koha na wannan aiki yana farawa da ma'aunin mutum 3 ga kwafi 1, wanda a nan ke nufin kwafi 8, wato a ƙaro 4. Laburaren da kasafinsa ya yi ƙaranci yana iya tsayawa a 5 ga 1, ba laifi, muddin an rubuta ma'aunin kuma dukkan rassa suna bin sa.

Akwai abin da ake yi kafin a taɓa ko sidi (kuɗin Ghana) ɗaya. A hana sabunta aro ga duk littafin da ke da layi. A rage wa'adinsa zuwa kwana 7, a rage zaman kantar ajiya zuwa kwana 3. Zagaye ya koma kwana 12, jiran na ƙarshe ya sauko zuwa kwana 72. A nemo kwafin da ke kwance a rassan da ba a neman sa, a kawo su inda layin yake na zango ɗaya. Idan littafin bita ne na jarrabawa, a ware kwafi guda a tebur na karatun awa 2, wannan kaɗai yana sallamar masu son duba babi ɗaya.

Idan duk da haka jiran ya wuce wata 2, sai maganar saye, kuma tambaya biyu ce. Yaushe sabon kwafin zai iso kanta, har yaushe kuma za a ci gaba da neman sa? Littafin da mawallafa na gida irin Afram ko Sedco suka buga ana iya samun sa a Accra cikin sauri, amma a lissafa da kwanakin amincewa da takardar saye, da sa lamba, da hatimi, da ƙarfafa bango. Wanda zai biyo ta tashar jiragen ruwa ta Tema daga ƙasar waje yana iya isowa bayan layin ya watse, kuma farashinsa yana motsi da dala tsakanin ranar da aka karɓi farashi da ranar biya. Littafin da ya yi tashe saboda an yi hira a kansa a rediyo, kwafi 1 ko 2 sun isa. Littafin adabi da WAEC ta sa a jerinta kuwa, a duba shekarar da jerin zai ƙare: a shekarar farko a saya da yawa, a ta ƙarshe a haƙura da gyaran tsofaffin.

A rubuta lambar ISBN (lambar shaidar littafi) da bugun da ake so a takardar saye. Tun da aka sauya manhajar karatun firamare a 2019, akwai tsofaffin bugu masu suna iri ɗaya da sabbin, kuma sai an duba jerin da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Ghana, ta amince da shi ake rabewa. Littattafan kyauta ma a bi su da wannan ma'aunin kafin a ƙirga su cikin kwafi masu aiki.

Sabbin kwafi idan sun iso, a raba su bisa reshen da masu jira suka zaɓa don karɓa, ba daidai-wa-daida ba. Idan 15 cikin 24 ɗin a reshe ɗaya za su karɓa, 3 cikin sabbin 4 can za su tafi. A sake ciro rahoton bayan mako 4, kuma littafin da layinsa ya koma sifili zango biyu a jere a mayar da rarar kwafinsa ga motar laburare mai yawo ko reshen da ba shi da ko ɗaya.