Yadda za ka kai Wi-Fi boskwata ko gareji a gidan Legas

Sau huɗu ke nan ana kirana a kan matsala iri ɗaya, biyu a Agege, ɗaya a Idi-Araba, ɗaya a Ajah. Rauta tana falo a babban gida, ƙanin mai gida ko ɗan haya yana boskwata a baya, sai ya tsaya bakin taga kafin saƙon WhatsApp ya fita. Kuma duk huɗun kafin su kira ni sun riga sun sayi ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a soket wai tana ƙara ƙarfin Wi-Fi.

Kada ka saye ta. Abin da ta ji shi take maimaitawa, to idan ka ajiye ta inda sigina ya riga ya mutu, me za ta maimaita? Wayarka za ta nuna sanduna cike, bidiyo kuma yana ta juyi. Ko a wuri mai kyau ka sa ta, mai arhar tana cinye kusan rabin gudun, domin da rediyo ɗaya take karɓa take kuma aikawa. Ga gidajenmu bulo ne da siminti da rodi, taga da ƙarfen hana ɓarayi, rufi kwano. Wi-Fi zango biyu gare shi: na 5GHz da kyar yake tsallake bango biyu irin waɗannan, na 2.4GHz ya fi shi haƙuri amma shi ma yana galabaita. Na'urorin da ke kai intanet ta wayar wutar lantarki su ma ban yarda da su ba a nan. Yawancin boskwata mitarta daban, kuma da an ɗauke wuta an juya zuwa janareta, hanyar ta rabu.

Wayar intanet za ka ja daga rauta zuwa boskwata. Sauran duk bayani ne.

Fara da juya rautarka ka duba bayanta, ka ga ko akwai rami da aka rubuta LAN. Manyan rautocin MTN da Airtel da Spectranet na ajiyewa a tebur suna da shi. Ƙaramar MiFi ta aljihu yawanci ba ta da shi, sai dai ka canza. Mai Starlink ƙirar ta biyu kuma sai ya sayi adaftarta daban, domin ba a yi mata ramin ba. Sannan ka auna tazarar da igiya, kana bin hanyar da wayar za ta bi da gaske, wato gefen bango, kwana, hawa da sauka, ba daga ƙofa zuwa ƙofa ba. Ka ƙara mita biyar a kai. Wayar da za ka saya sunanta Cat6, iyakarta mita 100 ce, kuma filayen Legas ba su cika kai ka can ba. Idan haya kake, ka gaya wa mai gidan tukuna kafin ka huda masa bango, kada a zo sabunta haya ya tuna maka.

Yanzu ga inda na sha wuya, kuma a nan zan daɗe.

Karon farko da na yi aikin nan, a gidan yayana ne. Na je na sayi waya mita 45 a wurin wani mai shago, na zaɓi mai arha tunda a jikinta an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro. Mako uku komai lafiya. Daga nan na'urar boskwata ta fara mutuwa tana tashi da kanta, musamman da rana. Na canza kan waya sau uku, na zargi rauta, na zargi kamfanin intanet, har yaya ya fara cewa da ma ya bar kuɗinsa ya sayi data. Sai da wani dattijo mai aikin kyamarar tsaro ya karɓi guntun wayar, ya fere ta, ya kankare silin ɗaya da wuƙa ya nuna min. Cikinsa fari fat. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, abin da 'yan kasuwa ke kira CCA. Irin wannan tana tauye wuta a hanya, tana karyewa idan an lanƙwasa, kuma danshin Legas yana cin ta da wuri.

Don haka idan ka je Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ka tafi da reza a aljihu. Ka ce a yanko maka ɗan guntu daga ainihin kwalin da za a auna maka, ba wanda ke rataye don nuni ba. Ka kankare. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. In kana da laita ka kunna masa: alminiyam nan take zai yi laushi ya sunkuya, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Mai shagon da ya ɓata rai don ka gwada, wuce shi. Za ka biya fiye da na jabu sosai, kwali guda kuma mita 305 ne, ba ka buƙatarsa duka, a auna maka kawai. Ka nemi ta waje, baƙa mai kaurin fata. Toka-tokar nan ta cikin ofis ce, rana tana fasa ta.

Ko ta waje ce, ni sai na zura ta a bututun roba irin na masu wayarin, ko a binne shi ko a kama shi da bango. Ɓerayen Legas ba sa tambayar farashi. Kada ka rataya ta a sama daga rufi zuwa rufi, domin a damina tsawa tana iya bin ta ta ƙone na'urorin ɓangarorin biyu. Kada kuma ka haɗa ta bututu ɗaya da wayar wuta. Inda za ta shiga bango, ka bar ta ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau cikin ramin, don ruwan sama ya ɗiga a waje, sai ka toshe ramin da silikon.

Kan wayar, wato ɗan robar da ke shiga ramin LAN, idan ba ka taɓa matsewa ba, ka ba yaron shago ya yi maka bayan an ja ta, ya kuma sa testa a gabanka fitilu takwas su kama bi da bi. Guda ɗaya ta tsallake, a sake.

A boskwata kuma ka sa na'urar watsa Wi-Fi da ke karɓar wutarta ta cikin wayar intanet ɗin, za ka ga an rubuta PoE a kwalinta. TP-Link da Ubiquiti duk suna yi. Amfaninta a garin nan babba ne: ƙaramin akwatin da ke ba ta wuta yana zaune a babban gida kan inbata, ko boskwata tana duhu Wi-Fi yana nan. In kuɗi sun yi ƙasa, tsohuwar rauta ma ta isa. Ka shiga saitinta ta adireshin da ke rubuce a ƙasanta, ka kashe DHCP, wato abin da ke raba wa wayoyi adireshi, ka ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, ka soka wayar a LAN, ba WAN ba. Idan ka manta ba ka kashe DHCP ba, wasu wayoyin gidan za su riƙa haɗuwa suna cewa babu intanet.

Sunan Wi-Fi da kalmar sirri ka sa iri ɗaya da na falo don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Tashar 2.4GHz kuwa, wato channel a saiti, rauta ɗaya a 1, ɗayar a 6 ko 11. Ka ɗaga na'urar sama kusa da silin, ba bayan firji ba. Idan ɗan haya ne a can, ba shi suna daban, kuma ku gama maganar kuɗin data tun ranar, kafin yaransa su gano YouTube.